Sunan da Masaƙiya Ta Ƙi Karɓa

Layin kore ya kama hanya a fuskar allon, daga hagu zuwa dama. Kashi goma, kashi talatin, kashi hamsin da biyar. A wuyan Inna Tasalla kuwa 'yar na'urar nan da ake kira masaƙiya sai ƙyafta fitila take yi, alamar tana karɓar abin da kwamfuta ke zuba mata. Da layin ya kai kashi saba'in da ɗaya sai ya tsaya cak, ya rikiɗe ya koma ja. Rubutu ya fito a ƙasansa: lodi bai kammala ba, an goge abin da ya shiga.

Injiniya Haladu ya dafe kai. Karo na uku ke nan a safiyar, alhali ko ƙarfe tara ba ta yi ba. Ya dubi mahaifiyarsa, ita kuma ta kawar da kai tana gyara bakin mayafi, kamar ba a kan wuyanta ake wannan fama ba. Ya sake danna maɓallin. A wannan karon layin ya wuce har ƙarshe ko tuntuɓe bai yi ba, fitilar ta koma fara, Inna ta yi gyaran murya.

"Kai yaro," ta ce, "yau ma sai da kuka gama wahalar da ni. Ka karya kuwa, ko na'urar za ka ci?"

Muryarta ce sak, da 'yar dusashewar nan da take yi mata da safe. Wata biyu yana jin ta kullum, amma har yanzu bai saba da jin ta ba.

Shekara uku ke nan da likitoci suka cire wa Inna maƙogwaro saboda ciwon daji. Sun ceto ranta, amma murya ta tafi, kuma duk wanda ya san Tasalla ya san ba ƙaramin abu aka raba ta da shi ba. Mace ce da in ta fara ba ka labarin yadda ta sayo tattasai, ba za ka tashi ba sai ka ji tarihin mai tattasan da na surukansa. Irin wannan matar ce ta zauna shekara uku tana nuni da hannu, tana rubuta 'yan kalmomi a allon tafi da gidanka, a tsakiyar Birnin Sansani, garin da jiragen ƙasa ke yawo a saman gidaje kuma hatta ƙofar ɗaki tana amsa sallama. Komai na garin yana magana ban da ita. Abin ya daɗe yana cin Haladu, shi ya sa da Cibiyar Murya, inda yake aiki, ta nemi mutane goma da za a gwada sabuwar na'ura a kansu, sunan mahaifiyarsa ya fara rubutawa.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. An dasa wa Inna maƙogwaron roba, sai dai roba ba ta san magana ba. Masaƙiya ce, wadda ake ɗaura wa a wuya kamar sarƙa, take saƙa 'yan ƙananan siginar lantarki tana aika wa robar da jijiyoyin da ke kewaye da ita. Idan Inna ta yi niyyar faɗin wata kalma, na'urar za ta ji motsin niyyar a jijiya, ta nemo saƙar kalmar a ma'ajiyarta, ta aika, magana ta fito. Kowace kalma da gurbinta a ma'ajiyar. Abin da ba a zuba ba kuwa ba ya fita, ko da an kwana ana niyya.

An samo kalmomin ne daga bakin Innar kanta. Shekara talatin ta yi tana tura wa dangi saƙon murya, na gaisuwa da na faɗa da na cigiyar wanda ya ari tukunyarta bai dawo da ita ba, har saƙo dubu goma sha ɗaya. Haladu ne ya zauna ya tace su. A nan ne kuma ya tabbatar da abin da ya daɗe da sani. Sunan ƙanwarsa Zulai ya fito ba adadi. Sunan maƙwabta ya fito, na mai gyaran famfo ya fito, har na wata akuya da aka yanka tun yana firamare. Nasa bai fito ba ko sau ɗaya.

Shi ne ɗan fari. Inna kuwa a gidan da ta tashi uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Kunya ce, kuma a wurinsu wannan kunyar ita ce darajar mace. Mutanen Birnin Sansani sun daɗe da yar da wannan al'ada, amma Inna ta riƙe kayanta. In da shi take magana, "kai yaro" ne, ga shi da furfura a gemu. In da ƙannensa take, sai ta ce "yayanku". Shekararsa arba'in da shida, bai taɓa jin sunansa a bakin matar da ta haife shi ba, kuma gaskiyar magana ita ce babu abin da yake so a duniya kamar ya ji.

Saboda haka ya yi wani abu da bai gaya wa kowa ba. Ya yanko "ha" daga inda ta ce haƙuri, ya yanko "la" daga lafiya, "du" kuma daga duniya, ya ɗinke su, ya goge bakin ɗinkin har ba a gane mahaɗa. Ya ajiye a gurbi na dubu huɗu da goma sha biyu. Ya ce wa kansa ai ba dole zai yi mata ba, ajiyewa kawai ya yi, ko wata rana tsufa zai sassauta mata ta nema ta tarar yana nan.

Matsalar lodin ta fara ne tun makon farko. Masaƙiyar gwaji ba ta riƙe abin da aka zuba mata, da an cire ta an sa a caji ta manta komai, don haka kowace safiya sai an kawo Inna hawa na goma sha tara na ginin Cibiyar an sake lodawa da manhajar gwaji. Ƙa'idar Cibiyar ita ce sai lodi ya shiga sau talatin a jere ba tangarɗa, sannan a buga wa ma'ajiyar hatimi, kalmomin su zauna din-din-din. Hatimin sau ɗaya ake buga shi. Sauran mutum tara duk an buga musu sun tafi gida. Na Inna kuwa yau ya shiga, gobe ya ƙi, wani lokaci ya shiga sau shida a jere, ana murna sai ya faɗi a na bakwai. An ba su zuwa ranar Alhamis. Idan bai daidaita ba za a karɓe na'urar a mayar da ita ɗakin bincike, Inna ta koma nuni da hannu na shekara guda ko fiye.

Wadda ta rubuta manhajar, Injiniya Barira, ita ce ta sa kanta a aikin. Ta girmi Haladu da kusan shekara goma, kuma mace ce da ba ta yarda na'ura tana da aljanu ba. Ta ce duk abin da ya ƙi aiki akwai dalili, ragwanta ce ke hana a gano shi.

Suka canza wayar da ke haɗa masaƙiyar da kwamfuta, suka sa gajeriya. Ya faɗi. Suka rage saurin zubawa har ya zama lodin da ake yi a minti ɗaya yana cin minti biyar, Inna tana ta hararar agogo. Ya faɗi. Barira ta zargi wutar ɗakin, aka kawo batir mai zaman kansa, aka kashe na'urar sanyaya ɗaki kowa yana gumi. Ya shiga sau huɗu, ya faɗi a na biyar. Suka ɗauko sabuwar masaƙiya fil daga kwali, ita ma halin ɗaya. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba, yau kashi ashirin, gobe kashi tamanin da tara, domin manhajar cuɗa gurabun take yi kowane karo ta zuba su yadda ta ga dama, don a gwada ma'ajiyar ta kowace fuska.

Ranar Litinin Barira ta cire na'urar daga wuyan Inna ta ɗaura wa wuyan roba da suke gwaji da shi a kan tebur. Ta loda sau ɗari, ya shiga sau ɗari.

"To, Malam Haladu," ta ce, "ba waya ba ce, ba wuta ba ce, ba kuma manhajata ba ce. A wuyan Inna abin yake."

"Ko jijiyoyin ne suka yi rauni?"

"Da rauni ne da kullum zai faɗi. Ka lura kuwa da ranar da Zulai ta rako ta tana ba ta labarin rigimar gidan biki? Sau shida ya shiga. Jiya kuma da gyangyaɗi ya ɗauke ta a kujera ya shiga ba gardama. Sai in tana zaune hankalinta na jikinta yake faɗuwa."

Haladu ya tuna gurbin nan da ya ajiye, amma ya yi ta maza ya ce wataƙila dacewa ce kawai. Barira ta miƙe. Ta kwashe kundin da manhajar ke rubuta duk abin da ya faru a kowane lodi, na wata biyu cur, ta shige ofishinta ta rufe ƙofa.

Ranar Laraba da hantsi, bayan Zulai ta tafi da Inna gida, Barira ta kira shi. A allonta akwai dogon jeri na duk lodin da ya faɗi, sittin da uku, kuma a gefen kowanne lamba ɗaya ce take maimaituwa.

"Ka san mai gadi?" ta tambaye shi.

Ya san shi mana. Wani ɗan sashe ne na manhajar. Lokacin lodi kowace kalma sai ta bi ta maƙogwaron mai na'urar a ɓoye, ba sauti, sai dai mutum ya ji ta kamar tana shirin fita daga bakinsa. In jijiyoyin suka ɗaure, mai gadi zai ɗauka ciwo ake ji, ya tsayar da komai ya goge. An sa shi ne don kada a cutar da majiyyaci.

"Sau sittin da uku mai gadi yana tsayar da mu," in ji Barira, "kuma duk a gurbi ɗaya. Na ce bari in ji wace irin kalma ce haka mai zafi."

Ta danna. Muryar Inna ta cika ɗan ofishin, a sarari, da taushi: "Haladu."

Shi ya ɗinka kalmar da hannunsa, ya saurare ta a ɓoye ya fi sau ɗari, amma jin ta a gaban wani sai ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa. Ya nemi kujera ya zauna.

"Kai ne na fari, ko?" ta tambaya a hankali.

"Ni ne."

"Allah sarki. Wata biyu kullum da safe muna cusa mata sunan nan a wuya, tana turo shi waje, kuma ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta ce ga abin da ake yi mata ba. Ina za ta iya faɗa? Sai ta faɗi sunan kafin ta kai ƙara."

"Yaya Barira, ba da mugun nufi na yi ba."

"Na sani."

"Ba ki sani ba." Ya ɗago kai ya dube ta. "Ina da shekara bakwai na ɓace mata a tashar jirgi ranar jajibirin Sallah. Ina hango ta daga bayan wani tulin kaya, mayafinta ya faɗi, tana gudu tana kuka tana cewa kai yaro, kai yaro. Duk yaran tashar suna waiwayowa. A ranar ma, da take zaton an sace ni, ba ta iya kiran sunana ba. Na tsaya na ƙi fitowa, ina jira ko za ta faɗa. Ba ta faɗa ba."

"Amma ta same ka?"

"Ta same ni."

"To." Barira ta cire tabarau ta goge. "Ni ina kiran sunan nawa na farin, zamani ya wuce da mu. Amma ita ba haka ta tashi ba, kuma ba ƙi ba ne, kai ma ka sani. Maganin matsalarmu bai kai minti ɗaya ba. Ka goge gurbin nan, gobe mu loda sau talatin, a buga hatimi, tsohuwa ta tafi gida da muryarta. Gobe da safe ina wajen taron shugabanni, kai za ka yi. Na bar maka ne don kai ka sa, kai ya kamata ka cire."

Ya ce to.

Ranar Alhamis da safe Zulai ta kawo Inna ta sauka sayen magani a hawa na biyu. Daga shi sai Inna sai wata ma'aikaciyar jinya da ke ta shiga tana fita. Ya buɗe manhajar, ya nemo gurbin, ya kai yatsa kan maɓallin gogewa. Da ya danna da shi ke nan, labarin ya ƙare lafiya. Amma sai ya tsaya yana tunanin hatimin nan da ba a buga shi sau biyu. In ya goge yau, ya goge har abada, ko da wata rana ta so ba za ta samu ba. Zuciya ta ce masa ai shi injiniya ne, kuma abin da ke tsakaninsa da burinsa na shekara arba'in bai wuce layi ɗaya na manhaja ba. Mutum in yana son abu, hujja ba ta yi masa wuyar samu.

Ya janye yatsan, ya shiga can cikin saitin manhajar, ya kashe mai gadi.

Layin kore ya tafi har ƙarshe. Ya sake, ya tafi. Na uku, na huɗu, na goma. A kowane karo akwai wani ɗan lokaci da wuyan Inna ke ɗaurewa, jijiya ta miƙe a ƙarƙashin fata, hannunta ya damƙe hannun kujera. Ba ta da murya lokacin lodi, ba ta da yadda za ta ce a bari. A karo na goma sha bakwai ta juyo ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba, ido cikin ido, kuma idon ya cika da ruwa. Haladu ya mayar da nasa idon kan allo. Wannan shi ne abin da ya fi muni a duk abin da ya yi, kuma ya san haka tun a lokacin.

Da aka cika talatin, manhajar ta yi masa tambaya ɗaya kafin ta buga hatimi. Ta ce gurbi na dubu huɗu da goma sha biyu ba shi da niyyar da ke kiran sa, tunda mai na'urar ba ta taɓa nufin faɗinsa ba, shin a haɗa shi da niyyar da ta fi kusa da shi? Ya san wace niyya ce ta fi kusa. Ya raya a ransa cewa kalma biyu za su zauna gefe da gefe, ta riƙa ɗaukar wadda ta so. Bai tsaya ya duba littafin manhajar ba, ya danna e.

Fitilar ta koma fara, ta zauna. Inna ta share ido da bakin mayafi, ta dubi ma'aikaciyar jinyar ta ce, "'Yata, taimaka ki kira mini Zulai, gida nake so." Shi ba ta ce masa uffan ba.

Ranar Asabar aka yi walima a gidan Zulai, inda Inna ke zaune, don godiya ga Allah da dawowar murya. Falo ya cika da mata, maƙwabta da ƙawayenta na Islamiyya da dangin marigayi mijinta, har da Gwaggo Laraba, yayar mahaifin Haladu, wadda ta haura tamanin kuma Inna ke jin nauyinta tun tana amarya. Inna ta sake sosai. Ta ba da labarin asibiti, ta kwaikwayi tafiyar wani likita, ta yi wa Zulai faɗa a kan gishirin miya, mata suna ta dariya suna cewa lallai Tasalla ta dawo. Haladu yana tsaye a bakin ƙofa yana sauke katan ɗin lemo, har ya fara jin wataƙila abin ya wuce.

Sai Gwaggo Laraba ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Inna ta waiga ta hango shi, ta ɗaga hannu yadda ta saba, don ya zo ya kama gwaggonsa.

"Haladu!"

Da ƙarfi ya fita, domin da ƙarfi ta yi niyyar kiran. Falon ya yi tsit. Wata yarinya a cikin maƙwabta da ba ta san komai ba ta ci gaba da zuba zoɓo, amma tsofaffin duk sun san abin da suka ji. Gwaggo Laraba ta kai hannu ta rufe baki. Inna kanta ta tsaya da hannu a sama, kamar wadda ta ji wani ya yi magana a bayanta. Ta haɗiyi yawu, ta sake gwadawa a hankali, tana son ta gyara, ta ce abin da ta saba cewa.

"Haladu."

Masaƙiya niyya ɗaya take sani da kalma ɗaya. Sabuwar ta ture tsohuwar, kuma an buga hatimi a kai.

Ya ji abin da ya yi shekara arba'in yana jira, har sau biyu, kuma babu ko ɗigon daɗi a cikinsa. Abin da ya gani kawai shi ne fuskar mahaifiyarsa, dattijuwa mai shekara sittin da biyar, an kunyata ta a gaban dangin mijinta da muryarta. Wata daga cikin matan ta yi 'yar dariyar ƙarfin hali ta ce ai zamani ne, ba komai. Inna ta dafe wuyanta da hannu biyu, ta tashi, ta bi ta tsakanin ƙafafun baƙi ta shige ɗaki. Zulai ce ta kama Gwaggo Laraba ta tashe ta.

A ranar ya gaya wa Zulai komai, ita kuma ta shiga ta gaya wa Inna. Ranar Litinin ya gaya wa Barira. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce ba a buɗe hatimi sai an sake tiyata an canza maƙogwaron gaba ɗaya, tunda jijiyoyin sun riga sun kama. Ta zauna a gabansa ta gyara manhajar yadda babu injiniyan da zai sake iya kashe mai gadi, sannan ta ce ya fita tana da aiki.

Ya nemo likitan da ya yarda zai yi tiyatar. Ya aika Zulai da maganar. Amsar da ta dawo da ita gajeriya ce.

"Ta ce in gaya wa yayanmu ta yafe masa duniya da lahira. Amma ba wanda zai sake taɓa mata wuya."

"Zulai, ki ce mata ko sau ɗaya ta bari in yi mata bayani da bakina."

"Yaya, ba fushi take yi ba. Tsoro take ji. Ta ce in kana wurin ba ta san abin da zai fito ba."

A takardun Cibiyar kuwa an rubuta cewa gwaji ya yi nasara, mutum goma cikin goma. Aka fara ƙera masaƙiya dubu-dubu, hotonta ya hau jikin jiragen ƙasan birnin, mutanen da suka yi shekaru ba su ce uffan ba suka koma gaisawa da iyalansu. Alheri ne babba, ba mai musun haka. A taron ƙarshen shekara shugaban Cibiyar ya yaba wa Haladu a kan yadda ya shawo kan matsalar lodin da ta gagari kowa, aka tafa masa. Barira ba ta tafa ba, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa.

Inna tana nan da ranta, kuma tana magana fiye da da. Tana yi da Zulai, tana yi da jikoki, tana yi da mai kawo kayan miya, har saƙon murya ta koma turawa dangi. Shi kaɗai ne ba ta yi da shi. In ya shigo gaishe ta, sai ta amsa da ɗaga hannu, ta nuna masa wurin zama, ta tura masa kwanon abinci gabansa, ta zauna tana kallon carbinta har ya tashi. Ba ta ɓata fuska, wani lokaci ma har murmushi take yi masa. Amma bakinta a rufe yake gam, hannunta ɗaya kuma yana kusa da wuya.

Saboda haka ya koyi wata dabara. Kullum in ya tashi daga aiki bayan la'asar, sai ya sauka daga jirgi a unguwarsu Zulai, ya hau bene a ƙafa don kada na'urar hawa ta sanar da zuwansa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya riƙe a hannu. Ya lallaɓa ya jingina da bango kusa da ƙofar falon, inda labule ya kare shi.

Ranar nan ya tarar tana ba jikokinta labarin wata shekara da ruwa ya cinye musu gona, tana yi tana dariya, tana kwaikwayon kukan kwaɗi. Can sai ta ce wa Zulai, "Ki ajiye wa yayanku ƙafar kazar nan, yana son ta tun yana ƙarami. Kuma ki duba shi da kyau in ya zo, kwanan nan duk ya rame."

Ya tsaya a wurin da takalmi a hannu, hawaye na bin gemunsa, har ƙafarsa ta gaji. Sannan ya share fuska ya yi sallama, ɗakin ya yi tsit.